Gashin Kwamanda

Yayata mai saƙa ce, kuma ba ta da haƙuri da karkataccen layi. Shagonta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, daura da ƙofar asibitin haihuwa, wurin da mutum biyu ba sa tsayawa sai ɗaya ya karkace. Hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi duk suna rataye a igiya bisa kanta. In ka kai mata saƙarka ta duba, ba za ta ce ta yi kyau ko ba ta yi ba. Za ta ɗaga ta wajen haske, ta ƙanƙance ido, ta zare tsinken, ta ja bakin zaren. Kafin ka ce "Yaya, tsaya!" aikinka ya koma dunƙulen ulu. Ni kaina ta yi mini haka ina yarinya, shi ya sa har yau ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba, kuma ita na ɗora wa laifin.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, muna kiranta Tilo. Uban ya rasu tana goye. Tilo sikila ce, rabin ƙuruciyarta a gadon asibiti ta yi shi, kuma a can ta kamu da wani ciwon da ba shi da allura, wato karatun wasu littattafan almara masu kauri kamar bulo. Labarin wata ƙasa ce mai tsananin sanyi, inda mutane ke hawa macizai masu fuka-fukai suna yaƙi a sararin sama. Tilo ta san sunan kowane maciji da uban da ya haife shi. Tana da gurup a waya na masu irin wannan larurar, suna kiran kansu Mahaya, suna musu a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Sau ɗaya a shekara sukan haɗu a zauren wani ɗakin karatu, kowa ya yi shiga irin ta cikin labarin.

"Umma," in ji Tilo, "a ƙasar nan ba a ba mutum maciji sai ya saƙa mayafinsa da hannunsa. Kuma da gashin dabbar da shi da kansa ya yi kiwo."

"To Allah ya raba mu da macijin," in ji Yaya, ba ta ko ɗago kai daga safar da take yi ba. "Ki sha maganinki."

Ba a jima ba sai ga Tilo da kwali a hannu. Ta buɗe, muka leƙa. Wani abu ne mai ruwan toka, gashi ta ko'ina, ba ka gane gaba balle baya sai hanci ya motsa.

"Wannan zomo ne ko tsumman goge ƙasa?" in ji Yaya.

Na ce a ba ni shi in gwada sabuwar tukunyata. Tilo ta daina yi mini magana har sai da na kawo masa ganyen karas na ba shi haƙuri a gabanta. Kwamanda ta raɗa masa, don wai a cikin littafin akwai wani tsohon shugaban mahaya mai furfurar gemu da rashin fara'a. Kuma suna ya bi jiki. Kwamanda bai taɓa duban kowa da mutunci ba sai Tilo. Ya cinye wayar cajin Yaya, ya cinye gefen tabarma, ya taɓa shiga jakar ulu ya yi abin da ya yi. Yaya ta rantse sai ya bar gidan, amma ni na sha kama ta tana tsinko masa ciyawa a bakin hanya in ta taso daga shago.

Gidansu ɗaki biyu ne a saman bene, da 'yar baranda inda kejin yake. A nan Tilo ke zama da yamma, Kwamanda a cinya, mataji a hannu. Da yatsanta take awon gashin. Da zarar ya kai tsawon yatsan, sai ta ɗauko almakashi ta rage shi tas, ya fito kamar ɗan da aka yi wa aski da ƙarfi. A waya ta koyi kaɗi, tana murza mazari a cinya, gashin yana zama zare. A kan wannan askin ne suka fi samun saɓani da uwarta.

"Kina ɓarnar gashi," in ji Yaya. "Gajeren gashi ba ya zare mai ƙarfi. Ki bar shi ya yi tsawo."

"Umma, ba don zare kawai nake aske shi ba, don cikinsa ne. In ya yi tsawo lasa yake yana haɗiyewa, kuma zomo ba ya amai."

"Ji likita! Zomayen daji wa ke musu aski?"

Ina wurin aka yi wannan maganar, ba sau ɗaya ba. Yaya ta ɗauke ta cikin surutan Tilo, tare da macizai da mahayansu.

Mayafin dogo ne, mai haɗe da hula. Tilo ba ta yarda uwarta ta taɓa shi ba, ta san hali. A jaka take ɓoye shi, ta tafi da shi asibiti, ta dawo da shi gida. Shekarar da ta fara shi ciwo ya hana ta zuwa taron Mahaya. Ta ce ba komai, baɗi za ta je da mayafinta. Ya kai mata kusan kafaɗa lokacin da aka kwantar da ita kwanciyar ƙarshe. Allah ya jiƙanta. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau ba na iyawa.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata doguwar yarinya mai tabarau ta zo gaisuwa. Ita ce shugabar gurup ɗin, Tilo ma Shugaba take ce mata. Ta durƙusa ta gaida Yaya, ta daɗe tana wasa da bakin gyalenta, sannan ta ce suna roƙon a ara musu mayafin, su rataye shi a taron bana don tunawa da ita.

Yaya ta ɗauko jakar daga ƙarƙashin gado. Ranar ta fara ganin aikin da kyau. Ta ɗaga shi wajen taga, ta ƙanƙance ido. Na san abin da ke biyo baya. Saƙar kuwa ba ta da tsari ko kaɗan: nan a matse kamar an ɗaure da fushi, can a sake har yatsa na shiga. Hannunta ya kai kan tsinken, ya tsaya. Sai ta bi layukan da ɗan yatsa, a hankali.

"Nan ciwon ƙafarta ne ya tashi," ta ce. "Duba yadda ta matse zaren. Nan kuma an sallame mu, ta samu sauƙi." Ta gangara ta hau, tana karanta ciwon 'yarta a jikin saƙa. Ba ta warware ko idon saƙa ɗaya ba. Ta juyo ga Shugaba ta ce, "Ba za a rataye rabin abu a gaban jama'a da sunan 'yata ba. Zan ƙarasa shi."

Daga ranar Yaya ba ta da wata magana sai mayafi. Na ce mu shiga kasuwa mu nemo ulu mai ruwan toka, wa zai gane? Ta dube ni kamar na zagi iyayenmu.

"Da gashin dabbar da mutum ya yi kiwo," ta ce. "Haka dokar take. Ke ba ki ji ba?"

Matar da ke cewa Allah ya raba ta da maciji, ita ce ta sa ni zama a bakin shago da la'asar ina karanta mata littattafan Tilo, tana saƙa tana sa baki. Ta tsani wani waziri a ciki tsana mai tsanani. "Munafuki ne, tun daga gaisuwarsa na gane," ta ce. Wata mai jego ta tsaya sayen safa ta tambaya ko a unguwarmu yake. Na yi dariya har da hawaye, kuma daga baya hawayen suka ƙi tsayawa.

A gida kuwa ita da Kwamanda suka shirya. Shi kaɗai ya rage mai numfashi da ya san hannun Tilo. Takan ɗora shi a cinya a baranda, daidai inda yarinyar ke zama, tana ba shi labarin wanda ya zo shago da wanda bai zo ba. Na tabbata ba don zomon nan ba da Yaya ba ta tashi daga wannan rashin ba.

Da ragowar zaren da Tilo ta bari, da askin farko da Yaya ta yi masa, ta rufe kafaɗu da wuya. Layukanta sumul, kamar da inji aka yi. Amma kaɗi ba sana'arta ba ce, gajeren gashin yana ta tsinkewa a hannunta, rabi ya lalace. Saura hula, zare ya ƙare, taro yana matsowa. Sai ta yi lissafi irin na masu saƙa: ta bar gashin ya yi tsawo sosai, ta aske shi gaba ɗaya dab da taron, ta samu zare mai ƙarfi da zai ishi hular.

Na ce, "Yaya, ya wuce yatsa fa. Tilo ta ce..."

"Na san abin da Tilo ta ce. Ina taje shi kullum. Ke da ba ki iya ɗinka maɓalli ba, ki bar ni da aikina."

Gaskiya tana taje shi. Kuma gaskiya Kwamanda bai taɓa yin kyau irin na wannan lokacin ba. Gashin ya zubo har yana share daɓen baranda, yana sheƙi, maƙwabta suna turo yara su gani. Yaya takan cusa hannu a ciki ta ce, "Kin gani? Wannan shi ne gashi." Shi kuma yana zaune yana lashe-lashensa.

Ganyen karas ya fara ƙi. Yaya ta ce jin kai ne irin nasa. Washegari ya ƙi ciyawa, ya koma lungun keji ya dunƙule. Da na zo da hantsi na tarar da ita durƙushe, ta tsinto kashinsa a tafin hannu: 'yan ƙanana, busassu, gashi ya sarƙe su a jere kamar carbi. Ta tashi ta ɗauko kwalin da aka kawo shi a ciki.

Likitan dabbobi ya tattaɓa cikin, ya duba baki, ya dubi tsawon gashin. Mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya tambaya yaushe rabon a yi masa aski. Yaya ta faɗa. Ya ce gashi ne ya cunkushe masa ciki, hanji ya tsaya, kuma an makara. Ya yi masa allura, ya ɗura masa ruwa, ya ce mu je mu yi ta gwadawa. A motar haya, a cinyar Yaya, kafin mu kai kwanar gida, hancin nan da ba ya hutawa ya daina motsi.

Ta hau bene da shi a rungume, ta kwantar da shi a kan tabarmar da ya ci gefenta. Ni mutum ce mai son a yi abin da za a yi a wuce wurin. Na duba gashin nan, dogo, mai laushi, wanda ya ishi hula har da saura. Na ɗauko almakashin Tilo daga kan keji.

"Yaya, ko ba komai a ƙarasa mata hular."

"Ajiye," ta ce. "Na ci amanarta a kansa yana da rai. Ba zan tuɓe shi yana gawa ba."

Na ajiye. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafin, ta zauna a baranda, rana tana dukan gefen fuskarta. Ta ɗaga shi wajen haske kamar yadda ta saba yi wa aikin kowa, ta ƙanƙance ido. Wuya da kafaɗu ba su da aibu ko ɗaya. Ta zare tsinken, ta ja bakin zaren.

"Yaya, tsaya!"

Ba ta tsaya ba. Zaren gashin zomo ba ya son warwara, yana kamewa yana tsinkewa, tana ƙullawa da haƙori tana ci gaba. Wuya ya tafi, kafaɗu suka bi. Duk abin da ta saƙa tun rasuwar ya taru a cinyarta, a cukurkuɗe. Da ta iso layin ƙarshe na Tilo, matsattse, karkatacce, sai ta sassauta hannu. Ta mayar da idanun saƙar kan tsinke ɗaya bayan ɗaya. Akwai ido guda da ya kuɓuce wa Tilo a kwanakinta na ƙarshe, ya zame ƙasa ya bar 'yar ɓula. Yaya ta gan shi sarai, ta tsallake shi.

Zaren da ta warware ta shimfiɗa wa Kwamanda a cikin kwalin, muka binne shi a bayan gida da gashinsa cif.

Ranar taro Shugaba ta zo karɓar mayafin. Ta ga rabin abu, da tsinke soke a jiki, ta dube ni, na girgiza mata kai. Yaya ta ninke shi ta miƙa mata da hannu biyu, ta ce a rataye shi haka, kada kowa ya gyara komai. Ta tsaya a baranda har yarinyar ta sha kwana, hannunta ɗaya a kan kejin da ba kowa.

"Ta gaya mini fa," ta ce, ba ta juyo ba. "Ke ma kina nan, kin ji. Ta gaya mini, na ce da ita likita."