Giɓin da Ke Tsakiyar Kaset

Shagona yana Ƙofar Wambai, tsakanin wani tela da mai sayar da gawayi. Gyaran rediyo da rikoda na koya, shi na yi shekara da shekaru, har sana'ar ta mutu ta bar ni da tocila mai caji da fanka. Aji huɗu na yi a makaranta na gudu, saboda haka mai neman rubutu mai ado ya nemi wani.

Wata Litinin da hantsi wani ɗan jarida ya sauko daga keke a ƙofar shagon. A wani gidan rediyo yake aiki, gidansa a Gwallameji. Bai kai arba'in ba, amma ba abin da ke kansa sai kayan da, musamman wasan daɓe mai waƙa da rawa, irin wanda ake yi a dandali lokacin shi yana goye. Ya zaro kaset naɗe cikin ɗankwali.

"Kawu, an ce kai kaɗai ka rage a garin nan da rikoda mai aiki."

"Mu biyu ne. Ɗayan idonsa ya tafi."

Bai ko zauna ba ya fara bayani. Kaset ɗin na wani wasa ne da wata ƙungiya ta yi. Ƙungiyar ta watse tuntuni, shugabanta ya rasu. Matar marigayin, wata dattijuwa a Gubi, ita ta ba shi aro. Ta ce masa nan kaɗai muryar mijinta ta rage a duniya, ya mayar mata ranar Juma'a lafiya lau. Shi kuma so yake ya kwafe cikin waya ya sa a shirinsa. Yana magana yana miƙa hannu zai cusa kaset ɗin a rikodata. Na doke hannun.

"Ka sa shi yanzu, injin ya taune shi. Sai ka je Gubi ka gaya mata da bakinka."

Na ɗaga kaset ɗin a haske. Fumfuna ta yi fari a jikin zaren, zaren ya manne, ɗan soson da ke tallafe shi ya faɗi. Gidan kaset ɗin ma na gam ne, ba mai noti ba, sai an fasa. Rubutun jikin takardar ya koɗe. Na ga kamar na san hannun da ya yi rubutun. Na ce ya dawo Alhamis. Ya dawo Talata.

Na fasa gidan da bakin wuƙa a hankali, na mayar da zaren cikin wani gidan mai noti. Daga nan sai aikin haƙuri. Ka zura biro a ramin, ka juya kaɗan, ka goge da busasshiyar auduga, ka sake juyawa. Idona ba kamar da ba ne, tabarau biyu nake ɗorawa. Wuyana ya ƙage. Masu kawo tocila na ce su dawo mako mai zuwa. Ɗan jaridar kuwa yana kan benci yana ba ni labarin wasannin da bai taɓa gani da idonsa ba, yadda 'yan amshi ke shigowa a jere, yadda mai kalangu ke mayar wa jarumi magana. Har miƙewa yake ya gwada takun rawar, tela ya tsayar da ɗinki yana kallonsa.

"Kawu, ba ka san abin da ke hannunka ba. Tarihi ne fa."

"Na sani. Zauna, kana tare mini haske."

Ranar Laraba zaren ya tsinke a hannuna. Ɗan jaridar ya dafe kai yana salati. Na yanke bakunan biyu da reza a karkace, na leƙa gida na ɗauko jan farcen 'yata, na ɗiga ɗan mitsitsi ta bayan zaren, na haɗa, na riƙe har ya bushe. Haka muke yi tun da. Salatif narkewa yake ya ɓata inji. Sau uku zaren ya tsinke kafin yamma, sau uku na haɗa shi.

Alhamis bayan la'asar na goge rikodar, na sa kaset, na danna. Aka ɗan yi shuuu, sai ga kalangu, sai ga muryar marigayin tangaram. Ɗan jaridar ya kara wayarsa a jikin rikodar. Ni kuma na tabbatar da abin da nake zargi, na san wasan nan.

Ana tsakiyar babbar waƙar, wadda duk 'yan wasa ke taruwa a kanta, sai fuskar kaset ɗin ta ƙare. Na juya shi. Ɗaya fuskar ta fara da tafi.

"Ina sauran waƙar?" Ya ƙwace kaset ɗin yana jujjuyawa. "Wane sakarai ne ya ɗauki wannan? Waƙar da wasan duka ya tsaya a kanta."

"Ni ne."

Na gaya masa. Ranar da aka yi wasan ni aka ɗauko na kula da lasifika da rikoda. Aikina guda ne, in fuska ta ƙare in juya. Sai na saki baki ina kallon rawa, ina bin amshi, ban farga ba sai da aka fara tafi. Shugaban ya wanke ni tas a gaban jama'a, bai sake kira na aiki ba.

Ya ce, "To yanzu fa, Kawu?"

"Kunna wayarka."

Waƙar da na tsaya bi maimakon aikina tana nan a kaina. Na gyara murya na fara. Tela ya leƙo ya tambaya ko injin niƙa muka tayar. A karo na biyu na manta baiti guda. Ɗan jaridar ya ce na farkon ma ya isa. Na ce ya goge, na riga na ɓata ta sau ɗaya. Sai a na huɗu na yarda.

Ranar Juma'a na bi shi Gubi, rikodar a cinyata, don na san dattijuwar ba ta da abin sauraro. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da muryar mijinta ta fito ta rufe baki da mayafi, ba ta motsa ba har muka kai giɓin. Ta dube ni.

"Kai ne mai lasifikar? Har ya koma ga Allah in ya tuna ka sai ya yi tsaki."

"Ni ne, Hajiya. Na kawo sauran."

Ɗan jaridar ya kunna mata abin da na rera. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Baiti na uku ba haka yake ba. Ka sa na baya a gaba."

Na ce ta faɗa mini yadda yake. Ta faɗa sau biyu. Na juya wajen ɗan jaridar na ce ya goge, mu sake.