Baba Cigiya da Manhajar da Ba Tasa Ba

Baba Cigiya ya yi aikinsa kaf a wani ɗaki mara taga a tashar jirgin ƙasa, inda ake ajiye kayan da fasinjoji suka manta. Ya riƙe takalmi wari ɗaya, ya riƙe haƙoran roba, har da wani aku da ba wanda ya zo nema. Dokarsa biyu ce: ba ya ba ka abu sai ka siffanta shi, ba ya kuma karɓar abin da ba nasa ba. Shi kansa abu ɗaya ya taɓa yarwa a duniya, wata baƙar lema, matarsa kuwa ta yi ta yi masa gorinta har ta koma ga Allah.

Gorin ne ma ya rage masa. 'Yarsu, Auta, ta taɓa ɗaukar uwar a bidiyo tana tsaye a ƙofar ɗaki tana faɗa: "Mai tsaron kayan duniya, ya kasa tsare lema! Kuma ka sha maganinka." Daidai nan hoton yake ƙamewa, bakinta a buɗe. Kullum da safe Baba yakan buɗe kwamfutar cinyarsa, ya danna wani koren tambari, manhajar kallo ta taso, a yi masa faɗa, sannan ya haɗiye ƙwayar hawan jini. In ba a yi faɗan ba, ba ya sha.

Wata safiya kwamfutar ta sabunta kanta ba da shawarar kowa ba, koren tambari ya ɓace. Baba ya bi ƙa'ida. Ya ɗaga kwamfutar ya duba ƙarƙashinta. Auta ta ce ya duba kwandon shara, ya duba na kwamfuta, ya duba na kicin. Ƙwayar kuwa tana nan kan faranti, ba a taɓa ta ba.

"Baba, ni zan yi maka faɗan," in ji Auta. Ta riƙe ƙugu ta gwada.

"Muryarki ba nauyi. Kamar mai neman alfarma."

Da ya fara dafa bango in zai miƙe, sai ta sa shi gaba zuwa shagon mai gyara, wani mai furfura da ke zaune ƙarƙashin matakalar bene cikin tarin wayoyi. Mai gyara ya ɗan taɓa nan, ya taɓa can, ya ce masu kamfanin sun daina yin tsohuwar manhajar, amma ga wata ya sa, ta ma fi ta.

Baba ya gyara tabarau. "Wannan shuɗiya ce. Tawa koriya ce."

"Baba, duk aikinsu ɗaya."

"Haƙoran roba ma duk aikinsu ɗaya, maigida. Ka taɓa sa na wani?"

Mai gyara ya kalli Auta, Auta ta kalli silin. Mai gyara ya canza launin tambarin ya koma kore. Baba ya ce fenti ba shaida ba ne, tasa tana da alama: tana ƙamewa a kan "maganinka". A kunna a gani.

Aka kunna. Marigayiya ta fito, ta yi gorin lema, ta ce ya sha maganinsa. Baba ya ɗaga yatsa yana jiran ƙamewa. Ba ta ƙame ba. Ta rufe bakin da ya yi shekara da shekaru a buɗe, ta leƙa waje, ta matso.

"Ya tafi? To zo ki gani." Ta zura hannu bayan kabad, ta zaro baƙar lema, ta mayar. "Kar ki faɗa masa. Mutumin nan in ba shi da laifi ko ɗaya, ba zai zaunu ba."

Baba ya juyo ya kalli 'yarsa. Auta ta rantse ta manta da zancen lemar, Baba ya ce mantuwa sana'arsa ce, ya san ta gaske in ya gan ta.

A gida ya tura kabad da kansa. Lemar na nan, gizo-gizo ya yi mata riga. Bai taɓa ta ba sai da ya sa Auta ta zauna bayan tebur ta tambaye shi kamanninta. Ya siffanta daidai, har da karyayyen ƙarfe ɗaya, ta miƙa masa.

"To, manhajar fa?" in ji Auta. "Ka karɓa?"

"Ba tawa ba ce. Amana zan riƙe har mai ita ya zo." Ya jawo kwamfutar gabansa. "Kayan amana kuwa dole a riƙa dubawa kullum, ko suna aiki. Miƙo min ruwa da ƙwayar nan."