Dattijon da Ke Raba Ƙudaje Gida Biyu

Ina zaune a ofishin likitan dabbobi, ina jiran a duba mini akuya, amma idona na kan wani dattijo a bakin taga. Siriri ne, an ɗaure ƙafar tabaransa da zare. A gabansa akwai faffaɗan akwati cike da matattun ƙudaje, irin masu yi wa dabba ƙwai a miki. Kowanne an soke shi da allura, da 'yar takardar sunansa wadda ba ta fi farce ba.

Yana ɗaukar ƙuda, ya kai shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, leɓensa na motsi yana ƙirga gashin bayansa, sannan ya sauya masa layi.

Makiyayin da ke kusa da ni ya kasa haƙuri. "Baba, faɗa suka yi ake raba su?"

"Shekara talatin ina cewa dangi ɗaya ne," in ji dattijon, ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗalibata ta ce biyu ne. Na duba, gaskiyarta. Maganin wannan ba ya taɓa tsutsar wancan. Shanu nawa ka rasa bara?"

"Huɗu."

Hannun dattijon ya tsaya cak, sannan ya ci gaba.

Ina jin tsofaffin takardun sunan da ke jikin alluran rubutunsa ne, na tun shekarun baya. Ko ɗaya ba ya yarwa. Sabuwar takarda mai sunan da aka gyara yake maƙalawa a ƙasan tsohuwar, ya bar kuskurensa a sama, inda duk wanda ya buɗe akwatin zai fara gani.