Firam ɗin Bahaguwa

Yayana mai haɗa firam ɗin hoto ne, kuma in dai aiki ne, a ba shi abinsa, gwani ne. Hali kuwa, sai dai Allah ya kyauta. Tunda uwarmu ta haife ni ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "sannu da aiki" ba.

Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, warin fenti kamar ya shaƙe ka. A kan kantar shagon akwai gwangwanin kakin goge katako guda biyu: mai ruwan zuma na tsurar katako, da fari tas na katakon da aka yi wa fenti. Dokarsa ɗaya ce. Sai fenti ya bushe ƙayau, a lakaci farin kakin ɗan mitsitsi da tsumma mai laushi, a shafa sama-sama, ya sha iska, a goge. Ka kuskura ka cika hannu, ko ka taɓa ɗaya gwangwanin, farin firam ya koma kamar haƙorin mashayin taba.

'Yarsa ta fari ce ta gaji hannun. Bahaguwa muke ce mata, don da hagu take komai. Ko shafarta, in ka karkata firam a haske, za ka ga ta kwanta ta hagu. Ta yi aure, ta haihu, amma kullum tana shagon. Ba abin da take nema wurin uban nan sai ya ɗaga aikinta sau ɗaya ya ce ya yi kyau.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani, ya koma duk abu fari rawaya yake ganinsa. Shi ke nan, Bahaguwa ta shiga uku. Ta gama firam fari sol, ya ɗaga ya ce, "Ke, wannan ƙazantar fa? Kankare!" Ta kankare da sanfefa, ta sake fenti, ta sake kaki, har yatsunta suka tsattsage.

Na ce, "Yaya, idonka ne fa. Ka je asibiti."

Ya ce ni ce makauniya, in fitar masa daga shago. Ranar da ya kori 'yar tasa, a gaban masu saye ya watsa mata tsumma a fuska, wai hannun hagu ba ya albarka. Ta jingine sauran firam ɗinta a bango, ta fita.

Ya ci gaba shi kaɗai, yana lakatar duk gwangwanin da hannunsa ya faɗa, yana laftawa son ransa. Masu saye suka watse ɗaya bayan ɗaya, kayan suka taru masa a kusurwa. Sai da ya fara cin karo da ƙofa sannan ya yarda aka yi masa aikin ido. Wa ya yi jinyar? Ita dai, ita ke ɗiga masa magani, ita ke ba shi abinci a baki.

Ranar da aka buɗe idon ya kafe sai shago. Muka raka shi, ni da ita. Ya tsaya ya kalli nasa na kusurwa, duk sun yi rawaya, kakin ya dunƙule a gefe-gefe. Ya juya wajen bango ya ɗauki ɗaya daga nata, fari kamar madara. Ya karkata shi a haske ya daɗe yana kallon shafar nan ta hagu. Wallahi ya gane, da idona na ga ya gane! Bahaguwa ta riƙe min hannu gam.

Sai ga telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo barka. Ya ce, "Kai, wannan firam ya haɗu! Aikin wa?"

Yaya bai ko ƙifta sabon idon ba. Ya ce, "Nawa mana." Ya nuna kusurwa da baki. "Waɗancan kuwa ɓarnar da wannan ta tafka min ce kafin in kore ta."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta matse min hannu. Ta ciro kwalbar maganin idon daga jaka, ta ajiye tsakanin gwangwanayen nan biyu.

Ta ce, "Baba, ga maganinka. Ai yanzu kana gani, sai ka riƙa ɗigawa da kanka. Gwaggo, mu tafi."