Mashayar da Na Zana Babu Kowa

Cikin dukan shekarun da na yi ina zane a ofishin ban ruwa, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da na koma mashayar Giyayya na iske turaku masu farin fenti sun ratsa hanyar da mutane ke bi zuwa gulbi. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin, wannan zan bayar, ko da yake laifin da ke cikinsa nawa ne.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru, in ban yi kuskure ba. Na gama makarantar Midil, aka tura ni koyon zanen taswira, aka dawo da ni a matsayin ƙaramin mai zane ƙarƙashin wani Bature injiniya da mutane ke kira Mai Lofe, saboda lofen shan taba da ba ya rabuwa da shi. Ana shirin jan ganuwar ƙasa a gefen Gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, don ambaliya ta daina cin shinkafa. Ga yadda tsarin yake: 'yan safiyo su auna su fitar da taswira, ni kuma in zana kowane wuri da launi, domin hoton kyamara na lokacin baƙi da fari ne, ba ya nuna bambancin laka da rairayi. A haɗa duka a fayil a aika Sakkwato. Waɗanda za su sa hannu can, yawancinsu ba su taɓa taka wurin ba. Abin da na zana shi ne idonsu.

Aikin kam na iya shi, wannan ba na shakka. Da hantsi nake zama, kafin rana ta riƙa busar da launi tun bai baje ba. In ɗebo ruwan gulbin a gwangwani, in jiƙa takarda, in fara da sama. Sai gaɓar tsallake, da launi mara ƙarfi don ta yi nisa. Rairayi kuwa launin ruwan ɗorawa ne da ɗigon ja, a bari ya sha iska. Ruwa shi ne na ƙarshe, kuma ba a shafe shi duka: inda rana ke walƙiya a kansa, farar takarda ake bari.

Abu ɗaya ne ba na zanawa. Mahaifina malami ne a Wurno, kuma ranar da ya yarda in kama aikin ya gindaya mini sharaɗi: kada in siffanta mai rai. Na yi alkawari. Saboda haka kwana tara da na yi a mashayar Giyayya, mata na ɗibar ruwa, Fulani na shayar da shanu, masunta na gyaran taru, duk idona ya tsallake su. Na zana itacen giyayya, da rairayi sumul, da ruwa kwance. Zane ne mai kyau. Mai Lofe ma ya yaba.

Bayan kamar mako shida na koma, na ga turakun. Ban gama jingine keke ba Sarkin Ruwa, dattijon da ke shugabantar masuntan wurin, ya taso.

"Malam mai zane, mi munka yi maka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?"

"Ina lahiya? 'Yan safiyo sun ce ganuwa nan za ta bi. Mun ce to shanu fa, mata fa? Sunka ce takardarka ta nuna ba kowa nan."

Wata tsohuwa mai wanki, Inna Hurera, ta miƙe da kumfa a hannu ta ce, "Kwana tara kana zaune kana kallonmu awa mai jiran amarya! Har hura na dama maka. Ashe duk aljanu kaka ganinmu?" Matan suka kwashe da dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce. In ganuwa ta bi nan, ƙauyuka uku sai sun yi tafiyar kusan awa guda kafin su kai wata gangara da dabba za ta iya sauka.

Na taka keke zuwa barikin da Mai Lofe ya sauka. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina jin akwai gyara a fayil ɗin Giyayya. Wataƙila, in ban fahimta ba daidai ba, an ɗauka ba a amfani da wurin."

Ya jawo zanen ya shimfiɗa. Yana jin Hausa sosai. Ya ce, "Malam Umaru, wa ya zana wannan?"

"Ni ne."

"Mutum nawa ka gani a ciki?"

Na dubi zanen, babu ko ɗaya. Sannan na gaya masa alkawarin da na yi wa mahaifina. Bai yi faɗa ba. Ya ce fayil zai koma Sakkwato ranar Litinin don sa hannun ƙarshe, kuma ba zai iya karkatar da ganuwa da maganar baki ba. "In akwai mutane, nuna mini su a takarda."

Ranar Alhamis ce. Na wuce Wurno, na sami mahaifina a zaure bayan la'asar, na kwashe duka na faɗa masa, ina tsammanin ko zai sassauta. Bai sassauta ba. Ya ce, "Abin da na hana ka shina nan. Amma ban aike ka ka yi shaidar ƙarya ba. Ka ce wa hukuma ba kowa, alhali akwai. Tahi ka gyara." Na ce, "Baba, ta yaya?" Ya ce, "Kai aka biya wa karatun zane, ba ni ba."

Asabar na koma mashayar, amma ba da hantsi ba. Na jira har jama'a suka watse wajen azahar, na zauna ƙasa dirshan maimakon kan tudu, na dubi rairayin da na shafe sumul a zanen farko. Ashe ba sumul yake ba ko kaɗan. Ga sawun kofato ya cakuɗe har bakin ruwa. Ga zagayen gindin tuluna a jere, inda mata ke girke su. Ga duwatsun wanki uku sun yi santsi, kumfa bai gama bushewa ba. Ga taru a shanye, ga jirage biyar a ɗaure, ga hanyoyi uku sun gangaro sun haɗu gindin giyayya.

Rana na busar da launin kafin in ja buroshi sau biyu, sai na koma yin ɗigo-ɗigo da bakin buroshi. Sarkin Ruwa ya zo ya tsaya kaina ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, ruwanka ya cika tsabta. Duba can." Na duba. Daga inda shanu suka tsaya, wani jan gurɓataccen ruwa ya miƙe yana bin gaɓa zuwa ƙasa. Na lakato lakar wurin da yatsa, na dama a launi, na ja shi. Inna Hurera ta leƙo ta ce, "To, ga dutsena nan. Yanzu ka gan ni."

Lahadi da safe na kai wa Mai Lofe. Ya ajiye shi kusa da na farko, ya daɗe yana bin sawun da gindin lofensa. Ya ce, "Shanu nawa ke nan?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ban ƙirga ba, kuma ba zan faɗi abin da ban ƙirga ba. Amma gobe da hantsi suna nan." Wannan ce magana ta farko da na yi masa babu "wataƙila" a ciki.

Ya jinkirta fayil ɗin kwana biyu. Litinin ya zo da kansa, ya tsaya gindin giyayya har garke na huɗu ya sauka. Aka tumɓuke turakun, aka ja ganuwar baya, aka bar gangara. Wanda ya bi wurin daga baya zai ga ganuwar ta yi wata lanƙwasa da ba ta da dalili a taswira. Dalilin ke nan.

Ban karya alkawarin mahaifina ba har na ajiye aiki. Abin da na canza shi ne, ban sake miƙa zanen wani bakin ruwa ba sai na nuna wa mutanen da ke shan ruwan sun ce sun ga kansu a ciki. Ku da ke zane da aune-aune yanzu, ku riƙe wannan: wanda zai sa hannu yana karanta abin da kuka bari kamar yadda yake karanta abin da kuka sa. Ni na bar mutane don ladabi, aka karanta cewa babu su, saura kaɗan in raba ƙauyuka uku da ruwa.