Bokiti a Kan Gangare

Shekara goma sha ɗaya Yaya tana goya Auta ta haye matakala ukun nan na ƙofar maɗaba'a, ta zaunar da ita, ta dawo ta kinkimi keken guragunta. Auta ƙanwarta ce. Shan inna ta kama mata ƙafafu tun tana rarrafe, amma a ɗinkin littafi babu hannun da ya kai nata. Saboda ita Yaya ta karɓi aikin shara a wurin, ba don tsintsiya tana burge ta ba.

Yaya ce kuma ta hana Manaja sakat. Kullum sai ta tare shi a bakin ofis: "Ranka ya daɗe, ma'aikaciyarka buhu ce da za a riƙa ɗauka? A zuba mata gangare mana!" Da ya gaji da bakinta, sai ya kira magini.

Ranar da siminti ya bushe, Auta ta murza tayoyinta ta haye da kanta, ma'aikata suna tafi. Yaya ma ta tafa, har da hawaye. Sai dai tun daga ranar abu ya fara cin ta a rai. Auta ta koma fita lokacin hutu ba ta kiran kowa. Ta yi ƙawa, Doguwa mai injin yanka takarda, suna zuwa kanti tare suna ƙyalƙyala dariya, Yaya na leƙensu ta taga da tsumma a hannu. Kishi take yi ƙarara, kuma da wa? Da siminti! Da wata Doguwa da ba ta ma san nauyin Auta ba.

Wata Laraba, gab da hutun rana, Yaya ta cika bokiti da ruwan sabulu ta dire shi a tsakiyar gangaren, ta laɓe bayan ƙofa tana goge inda ta riga ta goge. So take kawai ta ji an ce "Yaya!" kamar da.

Auta ta iso ta ja birki. Doguwa ta sunkuya za ta kawar da bokitin, Auta ta ce, "Bar shi." Ta juya kai. "Yaya, ina ganin ƙafarki ta ƙasan ƙofa."

Yaya ta fito tana kame-kame. "Mantawa na yi."

"Ke? Ko tsinke ba ki taɓa bari a hanyata ba." Auta ta ɗaga hannuwa biyu, yadda ta saba yi kowace safiya a da. "In goyon ne kike kewa, zo ki goya ni a gaban kowa. Wallahi zan yarda."

Yaya ta dubi hannuwan nan, kunya ta rufe ta. Ta sunkuya ta ɗauke bokitin, ruwa na zuba mata a ƙafa, ta matsa gefe. Auta ta wuce ta gangara ita kaɗai, Yaya na tsaye ta kasa ajiye shi.