Kwaɗon da baba ya sa wa ƙofa

Shekarar da aka sa ni makarantar lekol ce baba ya sayi keken ɗinki. Maɗinki ne, gardawan Kumandan, dogaran Nasaran da ke mulkin garin, na kawo masa wanduna. Saboda keken ya sa aka yi wa zaurenmu ƙofa ta katako, ya kuma sayo kwaɗo a kanti. A unguwarmu ta Filinge ba mai irinsa. Har yara suka riƙa zuwa suna leƙa ramin makullin.

Kafin wannan, in za mu yi tafiya, tsohuwar da muke haɗa darni da ita ake bar wa gida. Muna ce mata Kaka. Ba ta salla, ƴar bori ce, amma innata ba ta da kamarta a garin. Daga Bonkuku aka kawo inna, ba ta san kowa ba, Kaka ce ta nuna mata rijiya, ita ta yanke mini cibi. Tsaron Kaka ba wuya gare shi ba. Kullum da safe sai ta share tsakar gida tas, don in baƙuwar ƙafa ta taka yashin a gani. Da marece ta hura wuta a murhunmu, mai wucewa ya ga hayaƙi ya ce akwai mutane.

Bayan girbi aka aiko cewa kakana na Bonkuku ya rasu. Muna ɗora kaya a kan jaki, Kaka ta zo da tsintsiyarta a hammata. Ta tsokane ni, wai ƴar lekol kar ta je ta yi wa mutanen ƙauye yaren Nasara. Na ɓoye fuska a zanen inna. Daga nan nake kallo lokacin da baba ya ja ƙofa ya datse kwaɗon. Kaka ta goge hannunta a zane, ta buɗe tafin kaɗan. Baba ya jefa makullin a aljihu, yana ce mata yanzu ta huta da wahala. Ta rufe hannun, ta kai shi bayan kunne ta sosa.

Da gaske yake nufin hutun, na san baba. Inna kuwa tana kuka, ba ta ga komai ba.

Da muka dawo, kwaɗon na nan yadda aka bar shi, keken ma haka. Tsakar gida cike da ganye da kashin kaji, randa ta bushe. A waje kuma an yi shara, layin tsintsiya ya zo daidai dokin ƙofa ya tsaya. Kaka ta fito ta yi wa inna gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta dubi baba.

"Ɗana, ka duba kayanka da kyau? Mi ya ɓace?"

Baba ya ce mata ba komai, yana dariya.

"To madalla. Ƙarfen nan ya fi ni riƙon amana."

A nan dariyar ta tsaya masa.

Daga ranar Kaka ba ta ƙara tsallako darni ba. In tana da magana sai ta zagayo ta ƙofa ta yi sallama kamar baƙuwa, ta tsaya sai an ce ta shigo. Inna ta yi ta aika mata fura. Tana karɓa, ta yi godiya, ta maido ƙwaryar a wanke. Baba da kansa ya kai mata makullin, ya durƙusa. Ta juya shi a hannu, ta ce yatsunta sun tsufa, ba su iya murɗa abin Nasara ba, ta miƙa masa. Ni dai ba ta daina tsokanata ba, sai dai a hanya, in na dawo lekol.

Da damina ta kusa, ta koma wurin ɗiyarta a Baleyara. Ba ta yi mana sallama ba. A bakin rijiya inna ta ji labarin, wata mata ke faɗa kamar kowa ya sani. Inna ta dawo da tulu rabi, ta aje shi a tsakar gida a rana, ta zauna kusa da shi. Na jima ina jiran ta ce in kai shi inuwa, ba ta ce ba.